Ya Ce In Gaya Masa Gaskiya, Na Ɗauki Filas Na Fita

Anti, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki. Shekaruna 34, 'ya'yana uku. Maigidana ya rasu wata tara ke nan, ciwon ƙoda. Wata bakwai muka yi muna zaryar asibiti ana yi masa wankin ƙoda, har filinsa da mashin ɗinsa suka tafi. Daga ƙarshe likita ya ja yayansa gefe ya ce jikin ya ƙi, sai addu'a. Yaya ya tara mu ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya masa, kada a karya masa zuciya. Muka bi.

Ana saura kwana huɗu ya cika, wajen ƙarfe biyun dare, ina matsa masa ƙafafunsa da suka kumbura, sai ya kama hannuna ya ce, "Maman Abba, don girman Allah gaya mini gaskiya, me likita ya ce wa Yaya?" Na ce, "Haba, ka bar irin wannan maganar, sauƙi ake samu." Na ɗauki filas na ce bari in nemo ruwan zafi. Na fita baranda na yi ta kuka. Da na dawo ya juya fuskarsa bango. Bai sake tambayata ba har ya rasu.

Na fita takaba tuni, kowa na ganin na warware. Ni kuwa kullum ƙarfe biyu sai na farka. Ina jin haushin Yaya, ko gaisuwarsa ba na son amsawa. Surukata ta ce yawan kukana rashin tawakkali ne, kuma ina cutar da shi a kabari. Ƙanwata da ke makarantar koyon aikin jinya ta turo mini wani jeri na matakai biyar da ta ce duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya bi. Ta ce na maƙale a na biyu, wato fushi, alhali ya kamata a ce yanzu na kai na biyar. Wata rana kuma sai in tsinci kaina ina dariya da yara, sai kunya ta kama ni. Autarmu mai shekara biyar an ce mata Babanta ya yi tafiya, har yau in ta ji sallamar namiji sai ta ruga zaure.

Anti, na ci amanarsa ne? Kuma anya ƙalau nake?

Taki, Maman Abba, daga Zariya.

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa jinyar da ya sha ta zame masa kaffara, Ya raya abin da ya bari.

Bari in fara da jerin nan da ƙanwarki ta turo, don na ga ya zame miki ƙarin kaya a kan wanda kike ɗauke da shi. Jerin yana da uwa. Sunanta Elisabeth Kübler-Ross, likitar ƙwaƙwalwa ce 'yar ƙasar Suwizalan wadda ta yi aikinta a Amurka. Labarinta ya fi jerin nata amfani gare ki nesa ba kusa ba, domin abin da ta ƙarar da rayuwarta a kai shi ne irin daren nan da ke tashin ki ƙarfe biyu.

An haife ta a birnin Zurik a 1926, 'yan uku ne, nauyinta bai wuce kilo ɗaya ba ranar da ta zo duniya. Mahaifinta ya so ta zama sakatariya a ofishinsa, ta ƙi, ta bar gida tana da shekara 16. Bayan yaƙin duniya na biyu ta yi aikin agaji a ƙasashen da yaƙi ya ragargaza, har Polan ta je. Ta gama karatun likitanci a 1957, ta auri wani Ba'amurke abokin karatunta a 1958, suka koma ƙasarsu. Amma akwai abin da ta gani tun tana yarinya a ƙauyensu wanda ta riƙe shi har tsufanta. Wani manomi maƙwabcinsu ya faɗo daga bishiya, aka tabbatar ba zai tashi ba. Ya ce a bar shi ya mutu a gidansa, aka bar shi. Ya kira 'ya'yansa mata ɗaya bayan ɗaya ya yi magana da kowacce, ya faɗi yadda za a yi da gonarsa da kayansa, ya sa aka kira abokansa suka yi bankwana. Yaran maƙwabta ma ba a kore su ba, har ita aka shigar ta gan shi.

Da ta shiga asibitocin Amurka sai ta tarar da akasin haka. Wanda likitoci suka yanke ƙauna a kansa sai a kai shi can ɗakin ƙurya, a riƙa wuce gadonsa da sauri, in ya yi tambaya a ce masa komai zai yi daidai. A 1961 an tambayi likitoci fiye da 200 a wani asibiti a birnin Shikago, kusan tara cikin goma suka ce ba sa gaya wa mai cutar daji cewa cutar daji ce ke damunsa. Sai a wani bincike da aka fitar a 1979, da aka sake yi wa wasu likitocin irin tambayar, 97 cikin ɗari suka ce sun fi son su faɗa. Na kawo miki wannan ne don Yaya. Dokar da ya kafa muku ba ƙauyanci ba ne, ba kuma mugunta ba ce. Manyan likitocin Amurka da digirorinsu a kanta suke shekara sittin da suka wuce, kuma dalilinsu ɗaya da nasa: kada a karya masa zuciya.

A 1965, tana koyarwa a Jami'ar Shikago, wasu ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman coci suka zo wurinta. Suna son su yi nazari a kan mutuwa, ba su san ta inda za su fara ba. Ta ce musu ai masu abin suna nan kwance a asibiti, a je a tambaye su. Nan aka yi ta. Duk sashen da ta shiga sai likitoci su ce ba su da mai ciwon ajali, wasu su fusata, wasu su ce majinyacin ya gaji, bai iya magana. Asibiti guda, wai ba mai mutuwa a cikinsa.

Da ƙyar ta samu mutum ɗaya. Ki karanta wannan wurin a hankali, ƙanwata. Ta shiga ɗakinsa ta gaya masa abin da ya kawo ta. Mutumin ya yi maraba da ita hannu biyu, ya ce ta zauna, a shirye yake ya yi magana yanzu-yanzu. Ita kuwa tana son ɗalibanta su ji da kunnensu, sai ta ce masa ba yau ba, gobe za ta dawo da su. Ta tashi ta fita. Washegari da suka zo, jikin ya riga ya yi nauyi, ya jingina da matashi, magana ta gagara. Ya yunƙura ya ɗan ɗaga hannu, ya yi mata godiya cikin raɗa a kan ƙoƙarin da ta yi. Ba a yi awa guda ba ya cika, da abin da ya so ya faɗa a cikinsa. Ita da kanta ta rubuta wannan labari a littafinta, ba ta ɓoye ba.

Likita ce fa, ƙwararriya a fannin zuciya da tunanin ɗan'adam, mutumin ba mijinta ba ne, ba ta sayar da fili a kansa ba. Duk da haka sa'ar ta zo ta wuce ta. Ke kuwa wata bakwai kina kwana a tabarma gefen gado, an ɗaure miki baki da umarnin babban wa, ga wanda kike ƙauna ya riƙe hannunki ƙarfe biyun dare yana neman ki furta kalmar da ke kanki ba ki iya haɗiye ta ba. Mai cin amana ba ya fita baranda ya yi kuka. Don haka amsar tambayarki ta farko ita ce a'a.

Sai dai ba zan yi miki irin abin da aka yi masa ba, in ce komai daidai ne. An yi asara a daren nan. Ya buɗe ƙofa, ba a shiga ba. Wataƙila yana da bashin da yake son ya ambata, ko wata magana a kan yara, ko yafiyar da yake nema, ko dai kawai ya gaji da zama shi kaɗai da abin da ya sani. Wannan abin a yi wa kuka ne, kuma kina da gaskiya da kike yi. Amma asara daban, laifi daban. Ke kin haɗa su wuri guda kin ɗora wa kanki.

Na ce "abin da ya sani" da gangan. Kübler-Ross ta ci gaba da zama da masu ciwon ajali har suka haura 200, kuma abin da ta gano shi ne kusan dukkansu sun san halin da suke ciki, ko an gaya musu ko ba a gaya musu ba. Suna ganewa daga yadda ake sassauta murya in an zo kusa da su, daga yadda likita ya rage tsayawa, daga idon ɗan'uwa da ya yi ja yana murmushin dole. Mutumin da ya ga likita ya ja yayansa gefe, ya ga an fara cika ɗaki da 'yan dubiya daga garuruwa, ya ga ƙafarsa na kumbura bayan an yi wanki, ba labari yake nema a wurinki ba. Ba ki ɓoye masa mutuwarsa ba, don ba ta ɓoyuwa. Ta kuma lura cewa majinyata kan zaɓi wanda za su yi wa maganar, in suka ga mutum ba zai iya ɗauka ba sai su bi shi a kan wasan "sauƙi ake samu" don su tausaya masa. Kin fassara juya fuskarsa bango da fushi. Allah Shi Ya san abin da ke ransa, amma ki bar wa ɗaya fassarar wuri: ya ji muryarki ta karye, ya ji filas ɗin da kika ɗauka ruwa na motsi a ciki, ya gane amsar, ya kuma ga ba za ki iya ba, sai ya raga miki.

Ni ma na taɓa yin naki. Innata, Allah Ya jiƙanta, ana saura 'yan kwanaki ta rasu ta sa na jawo mata wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ta fara zayyana mini kuɗin adashin wance ne wannan, wancan na mai itace ne. Na karɓe gwangwanin na mayar, na ce, "Inna, ke za ki ba su da hannunki." Bayan sadakar bakwai muka zauna da gwangwani muna ta kame-kame. Abin mamaki ne a gare mu: mu ne ba ma cewa gobe sai mun ce in Allah Ya kai mu, mu ne aka hore mu kada mu kwana biyu ba tare da wasiyyarmu a rubuce ba in muna da abin yin wasiyya a kai, amma da zarar mara lafiya ya buɗe baki zai yi maganar tafiyarsa sai mu rufe shi da "haba, ka daina."

To, matakan. A 1969 ta fitar da littafinta mai suna On Death and Dying, wato a kan mutuwa da hanyar zuwa gare ta. A ciki ta tsara abubuwa biyar da ta yawaita gani: mutum ya ƙi yarda, ya yi fushi, ya shiga roƙon a ƙara masa lokaci yana alkawura, baƙin ciki ya danne shi, sannan ya sallama. Ki lura da waɗanda ta gani a wurinsu. Masu mutuwa ne, ba waɗanda aka mutu aka bari ba. Kuma ko a kansu ta faɗa cewa abubuwan nan wani lokaci tare suke zuwa, kuma fata ba ya rabuwa da mutum har ƙarshe. Daga baya jerin ya shiga duniya, aka jawo shi kan zawarci, da korar aiki, da mutuwar aure, har kan faɗuwar ƙungiyar ƙwallo. Ita ma a littafinta na ƙarshe, wanda suka rubuta tare da David Kessler ya fito a 2005 bayan rasuwarta, ta yi amfani da shi a kan masu makoki, amma da gargaɗi ƙarara cewa ba kowa ke bin duka biyar ɗin ba, ba kuma a jere suke ba. Gargaɗin ne ya faɗi a hanya kafin jerin ya iso wayar ƙanwarki.

Masu bincike da suka zo bayanta ba su samu wata shaida cewa dole kowa ya hau wannan tsani ba. A 2007 wasu masana a Jami'ar Yale suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 233 da aka yi wa rasuwa. Abin da ya fi damun mutanen ba musu ba ne, ba fushi ba ne, kewa ce, begen wanda ya tafi, kalmar da ma ba ta cikin jerin biyar ɗin. George Bonanno na Jami'ar Columbia ya bibiyi dattawan da suka rasa abokan zama, ya ga kusan rabinsu sun ci gaba da rayuwa ba tare da sun taɓa durƙushewa ba, kuma hakan bai nuna ba sa son mamatansu ba. Wanda ya fi kama da halinki shi ne bayanin da wasu masana biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka yi a 1999. Suka ce mai makoki kai-da-kawo yake yi tsakanin wuri biyu: yanzu yana cikin rashin, an jima yana cikin hidimar rayuwa, kuɗin makaranta, cefane, wasa da yara, sai ya sake komawa. Zuciya ba ta iya tsayawa a rana tsaka kullum, sai ta riƙa shiga inuwa. Dariyar da kike yi da yaranki inuwar ke nan. Ba ki manta shi ba, ga ƙarfe biyun dare nan shaida.

Ita kanta mai jerin ba ta mutu a jere ba. Ba waliyyiya ba ce, kuma ba zan sayar miki da ita a haka ba. A ƙarshen shekarun 1970 ta faɗa hannun wani mai da'awar yana magana da ruhohin matattu a Kalifoniya, abin ya ƙare da tonon asiri, ya zubar mata da mutunci a idon likitoci, aurenta ma ya mutu a wannan tsakani. Daga baya ta so ta buɗe gidan renon jarirai masu ƙanjamau a gonarta a jihar Bajiniya, mutanen yankin suka tayar da ƙayar baya, a 1994 gidanta ya ƙone ƙurmus da takardunta, ana zargin da gangan aka cinna. A 1995 ɓarin jikinta ya shanye. Shekara tara ta yi a haka a jihar Arizona, kuma ba ta ɓoye wa 'yan jarida cewa ta gaji, ta fusata da jiran ba. Ta kwatanta kanta da jirgin sama da ya bar wurin lodi amma bai tashi ba. Wasu suka riƙa yi mata gori, wai ina sallamawar da ta koya wa duniya. Ta rasu a watan Agustan 2004 tana da shekara 78. In mai tsani ta zauna shekaru a mataki na biyu, wa zai tsare ki da wata tara?

Ki gaya wa ƙanwarki na gaishe ta, kuma ina da labari guda dominta tunda aikin jinya take koyo. Kübler-Ross ta ce babbar malamarta a asibitin Shikago wata baƙar fata ce mai goge ɗakuna. Ta lura duk ɗakin da matar ta shiga ta fito sai ta tarar majinyacin ya samu natsuwa. Da ta matsa mata da tambaya, matar ta ce ɗanta mai shekara uku a hannunta ya mutu suna jiran layin ganin likita, tun daga ranar mutuwa ta daina ba ta tsoro, shi ya sa take iya matsawa kusa da su ta zauna. Ba ta da jeri. Ƙanwarki ta ajiye waya ta zo ta kwana biyu a ɗakinki, in kin farka ƙarfe biyu ta tashi ta dafa muku shayi, ta bar ki ki faɗi labarin daren nan ko sau nawa ne.

Maganar Hajiya surukarki kuma. Ni ba malama ba ce, amma wannan sananne ne. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake fitar rai, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Annabi Yaƙub, wanda ya ce zai yi haƙuri mai kyau, shi ne dai ya yi ta baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka yi masa magana ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar saɓo. Hadisin da ake kafa hujja da shi a kan azabtar mamaci da kukan iyalinsa, malamai da yawa a kan irin wancan kukan suka ɗora shi, Nana A'isha ma ta ja hankali da ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Wata huɗu da kwana goma kuwa hukuncin takaba ne, ba wa'adin da aka yanka wa zuciya ba. Kada ki je ki karanta wa Hajiya wannan kamar mai gardama. Ɗanta ta binne. Mai yiwuwa kukanki ne ke taso mata da nata, shi ya sa take son ki yi shiru. In ta sake faɗa, ki ce, "Hajiya, na yarda da ƙaddara, kewarsa ce kawai," ki tambaye ta yaya yake yana yaro.

Yaya kuma, gaba ba za ta kai ki ko'ina ba, ga marayu a tsakaninku, ga maganar gado da makarantarsu. Ki nemi wata babba da yake jin nauyinta ta zauna a wurin, ki gaya masa abin da bai sani ba: cewa ƙaninsa ya tambaye ki, kuma kin musa saboda umarninsa, kuma abin na cin ki. Ba sai kin ce ya yi laifi ba. Ina kyautata zaton shi ma yana da nasa daren da bai gaya wa kowa ba, don shi likita ya fara ɗora wa maganar.

Tambayarki ta biyu, ko ƙalau kike. Duk abin da kika lissafa, kuka da haushi da dariya da kunya, ba wanda ya fita daga halin mai makoki. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, barcin nan. Wata tara mutum bai yi barci mai kyau ba jiki ba zai ɗauka ba. Akwai kuma wani nau'in baƙin ciki da ke kafewa ya ƙi motsi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ana maganarsa ne in an haura wata shida, likitocin Amurka ma shekara guda suka sa, kuma begen mamacin ya hana mutum gudanar da rayuwarsa. Kimanin mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa rasuwa ke faɗawa ciki. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: kina cin abinci? Kina iya hidimar yara? Kina fita cikin mutane ko kin rufe kanki? In amsar ba ta yi daɗi ba, ko barcin ya ci gaba da gagara, ki ga likita. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga asibitin Barnawa a Kaduna kusa da ke, ga na Dawanau a Kano. Zuwa can ba hauka ba ne, ko da maƙwabta sun ce haka. In kuwa tunanin ki bi shi ko ki cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, wannan ba a jira da shi, ranar za ki gaya wa wani na kusa ku tafi tare.

Saura auta, kuma ita ce ta fi gaggawa a duk wasiƙarki. An sake kafa dokar Yaya a gidanki, wannan karon a kan yarinya mai shekara biyar. Ita ma tana ganin idanunki, ta ga an cika gida da mutane an watse, ta ga takalman Babanta ba sa motsawa daga inda suke. Yaron da aka ce wa uba ya yi tafiya yakan zaci don ya yi rashin ji ne aka tafi aka bar shi, ranar da gaskiya ta fito daga bakin yaran unguwa kuma sai ya daina yarda da maganar uwarsa. Kada ki ce ya yi barci, don za ta ji tsoron kwanciya. Ki zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, da rana ba da dare ba, ki ɗora ta a cinya ki ce, "Babanki bai yi tafiya ba. Ya yi ciwo mai tsanani, likitoci sun yi ƙoƙari, Allah Ya karɓi ransa. Ba zai dawo gidan nan ba. Ba laifinki ba ne, kuma ni ina nan." In kuka ya zo miki ki yi a gabanta, ba zai cutar da ita ba. Tana iya sauka ta koma wasanta kamar ba ta ji ba, gobe ta sake tambayar yaushe zai dawo, jibi ma haka, don a shekarunta ba ta gama gane cewa mutuwa ba a dawowa ba. Duk sanda ta tambaya ki ba ta amsa iri ɗaya. Ki koya mata "Allah Ya jiƙan Baba" ta riƙa faɗa bayan kun yi salla. Su Abba ma ki zaunar da su, don su sun sani, an dai sa su yin shiru ne a gaban ƙanwarsu.

In kin yi, ki rubuto mini abin da ta ce.